Tazarar Haihuwa Ga Masu Ɗauke Da Cutar Ƙanjamau: Tambayar Da Ba Ma Yi Musu A Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma shekarun ƙarshe na aikina na yi su ne a sashen da ake bai wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau magani a wani asibitin gwamnati a nan Kano. Kowace shekara idan 1 ga Disamba ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe domin wannan cuta, mukan sha jawabai a kan gwaji da shan magani da daina ƙyama, dukkansu kuwa magana ce mai kyau, sai dai da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda matan da ke shan maganin nan suke ciki game da tazarar haihuwa, ko abin da ke sa wata ta karɓa, wata kuma ta kau da kai.

Abin da ya fara buɗe mini ido wata baiwar Allah ce da ta zo karɓar magani da goyon wata tara a baya. Na auna nauyinta, na ƙirga ragowar ƙwayoyinta na ga ba ta yi fashi ba, na yaba mata, har ta miƙe ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta zauna, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska, ta ce: "Anti, wata biyu ke nan ban ga al'adata ba." Da na duba katinta, a gurbin da ake rubuta hanyar tazarar da mara lafiya take bi, sai na ga an rubuta kwaroron roba a kowace ziyara tun daga ranar da ta haihu, kuma biyu daga cikin rubutun da hannuna na yi su. Na tambaye ta ko da gaske suna amfani da shi. Ta dube ni ta ce: "Anti, mutumin da bai san ina shan magani ba, ta ina zan fara miƙa masa roba?" Ashe duk wanda muke ba ta, a kwandon sharar da ke bayan sashen take zubar da shi kafin ta hau a-daidaita-sahu.

Wannan mata ba ita kaɗai ba ce. Binciken da aka yi gida-gida a faɗin ƙasar nan a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, wato kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma a cikin waɗannan shekaru mata sun ninka maza, domin su kashi 1.9 ne, maza kuwa 0.9. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6, amma ita ce kuma inda mace kan haifi 'ya'ya kusan bakwai a tsawon rayuwarta, kamar yadda binciken lafiyar iyali na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na 2018 ya nuna. Shi wannan binciken ya ce matan aure 12 ne kacal cikin 100 ke bin hanyar tazara ta zamani a ƙasar baki ɗaya, alhali wasu 19 cikin 100 suna son su huta ko su dakata amma ba sa amfani da komai. Matan da ke ɗauke da ƙwayar cutar a cikin waɗannan gidaje suke zaune, duk abin da ya tare maƙwabciyarsu ya tare su, sannan ga nasu ƙarin nauyin a kai.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a hana su haihuwa, Allah Ya kiyaye. Idan uwa ba ta shan magani, haɗarin jariri ya ɗauki cutar a lokacin ciki ko naƙuda ko shayarwa yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100, idan kuwa tana sha yadda ya kamata yakan sauko ƙasa da kashi 5, kuma na ga yara da dama da aka haifa lafiya ƙalau suka girma a gaban idona. Bambancin yana ga cikin da aka shirya masa, wanda ya samu uwa da ƙarfinta, ƙwayar cutar ta kwanta a jininta, da kuma cikin da ya faɗo mata tana fama da goyo da ƙarancin jini, ta ɓoye shi har ya yi wata biyar kafin ta zo awo. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kauce wa cikin da ba a shirya masa ba a matsayin ginshiƙi na biyu cikin ginshiƙai huɗu na kare jarirai daga cutar, shi ne kuma ginshiƙin da muka fi sakaci da shi.

A iya abin da na gani, babu abin da ya kai sirri tasiri a wannan lamari. Mace da yawa a wurin awon ciki take fara sanin matsayinta, domin nan ne ake yi wa kowa gwaji, ta koma gida da labarin da take tsoron idan ta furta shi za a ce ita ta kawo cutar, ko da kuwa mijin bai taɓa miƙa hannu an ɗebi jininsa ba. Dokar hana nuna wa masu cutar wariya da aka sanya wa hannu a 2014 tana iya kare ma'aikaci a ofishinsa, amma ba ta isa ta hana takardar saki ba. Don haka sai ka ga an ɓare takardar jikin kwalba, an juye ƙwayoyin a gwangwanin wani abu daban, an tura can ƙasan kwalla a bayan jeren kwanuka. Matar da ke rayuwa a haka, duk hanyar da ke buƙatar haɗin kan miji ta fita daga lissafinta, kuma ko ƙwayar tazara da ake sha kullum wani sabon abin ɓoyo ne da zai ƙaru a kan na da. Irin su sun fi karkata ga allurar wata uku, saboda ba ta barin shaida, yayin da ashanar da ake sa wa a damtse, duk da cewa takan yi shekara uku ko biyar, ana iya shafawa a ji ta.

Haihuwar ma kanta ta zama mayafin rufin asiri. A unguwar da ake yi wa mace kallon ƙurilla idan ta rame ko ta faye zuwa asibiti, goyo a baya shi ne shaidar da ke rufe bakin masu tsegumi, tun da har yanzu mutane da yawa suna ganin mai wannan cuta ba ta haihuwar ɗa mai rai. Idan ta yi shekara uku shiru, uwar miji za ta fara tambaya, idan kuwa akwai kishiya da ke haihuwa a kai a kai, to, maganar hutu ba ta ma taso ba, domin a gidan da ake lissafin gado da yawan 'ya'ya babu wadda za ta yarda a bar ta a baya. Akwai kuma waɗanda suka binne yara biyu ko uku kafin a gano abin da ke damun gidan, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin ce wa irin wannan uwa ta jira ba tare da na ji nauyin maganar a bakina ba. Ga zawarawan da cutar ta kashe mazajensu, waɗanda magani ya dawo musu da jiki har suka sake aure, sabon ango kuwa yana son nasa ɗan. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ana sa ran masu shiga aure da sanin matsayin juna za su ƙaru, wannan kuwa dama ce ta a zaunar da su tun kafin a ɗaura, a yi musu bayanin yadda za su tsara haihuwarsu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda nasarar magani ta sauya lissafin ma'aurata. Ilimi ya tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa har ƙwayar cutar ta kwanta, gwaji ya kasa ganin ta a jini, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wannan albishir ne babba, kuma mun yi ta faɗa wa mutane domin su dage da shan magani. Amma ma'auratan da dama can don tsoron cutar kaɗai suke jure kwaroron roba, suna jin haka sai su ajiye shi, mu kuma ba mu tanadar musu abin da zai maye gurbinsa ta fuskar ɗaukar ciki ba. Haka nan matar da al'adarta ta ɗauke a lokacin da take kwance, har ta yanke ƙauna da haihuwa, tana fara magani jikinta ya murmure, sai ciki ya shiga ba ta ankara ba.

Batun yaye ma yana da hannu. Iyayenmu sun san illar kwanika, shi ya sa suka riƙe shayarwa ta shekara biyu da zuwa goyon ciki gidan iyaye, kuma da wannan ne tsofaffi suka tsare tazara tun kafin a san allura. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar kuwa, shekaru da dama muna gaya mata ta ba da nono zalla wata shida, ta yaye da zarar yaro ya cika shekara guda. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwar da ke kan magani tana iya ci gaba har shekara biyu ko fiye, amma tsohuwar maganar ta riga ta zauna a bakin ma'aikata da yawa. Mun janye mata shingen da al'ada ta gina, ba mu kafa mata wani ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, ma'aikatan asibiti, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A inda na yi aiki, sashen maganin ƙanjamau yana can ƙarshen asibiti, ɗakin tazarar haihuwa kuwa yana jikin sashen awon ciki, kowanne da katinsa da layinsa da lokacin tashinsa. Matar da ta baro garinsu da asuba, domin da gangan ta tsallake asibitin kusa da gida kada a gan ta, takan gama da mu bayan azahar, ta tarar an rufe can, ko kuma ta hango wata 'yar garinsu a kan benci ta juya da baya. Idan ma ta samu shiga, dole ta sake kwance sirrinta a gaban wata sabuwar fuska, kuma na san waɗanda aka sa wa safar hannu biyu a gabansu, ko aka ce su koma ƙarshen layi, ko aka ce sai sun zo da miji. Wannan rabuwar ɗakuna tana da tushe a yadda kuɗin ke shigowa. Shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 2003 kuma ya ɗauki kaso mai tsoka na maganin ƙanjamau a ƙasar nan, ƙa'idarsa ba ta yarda a sayi kayan tazarar haihuwa da kuɗinsa ba in ban da kwaroron roba. Shi ya sa kwalayen roba suke jibge a kabad ɗinmu, allura da ashana kuwa sai an bi wata hanyar daban da takan ƙafe. Gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta tun 2011, amma kuɗin safar hannu da auduga da gwajin fitsari yakan fito daga bakin zanen mace, wadda kuɗin motar komawa gida kaɗai ta ƙulle.

Sannan akwai halinmu. Wasunmu a zuci suna ganin bai dace mai wannan cuta ta ƙara haihuwa ba, sai su yi wa mai ciki faɗa a gaban jama'a, abin da ke sa ta rufe bakinta gaba ɗaya. Wasu kuma, ni ma ina cikinsu a wancan lokaci, muna tsoron idan muka ba da allura za a yi watsi da roba, don haka sai mu maimaita roba kawai mu cike gurbin kati. A takarda sai a ga kusan kowa yana bin hanyar tazara, a ɗakin haihuwa kuwa labari ya sha bamban.

Tsoron haɗa maganin ƙanjamau da na tazara shi ma ba shaci-faɗi ba ne, yana da asali, kuma ya kamata a warware shi da gaskiya. Maganin da aka daɗe ana bayarwa mai ɗauke da sinadarin efabirenz yana rage ƙarfin ashanar damtse, har wani ƙaramin bincike a Uganda ya samu mata 3 cikin 20 sun ɗauki ciki da ashanar a hannunsu kafin shekara ta cika. Irin wannan labari idan ya faru sau ɗaya, zai zagaye benci a rana guda. Da aka kawo sabon maganin ƙanjamau mai suna dolutegrabir, wanda ba ya taɓa ƙarfin ashana ko allura ko ƙwaya, sai wani bincike a Botswana ya ta da hankali a watan Mayu na 2018 cewa yana iya jawo naƙasar laka ga jaririn da aka ɗauki cikinsa ana shan sa, aka riƙa gindaya wa mata sharaɗin yin tazara kafin a sauya musu magani. Ƙarin bayanai sun nuna haɗarin bai kai yadda aka zata ba, kuma a watan Yuli na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne zaɓin farko ga kowa, har da masu shekarun haihuwa. Yau shi mafi yawan mutane ke sha, amma tsohon tsoron yana nan, har a tsakanin ma'aikata. Abin da ya rage a kula da shi shi ne rifamfisin, maganin tarin fuka, cutar da ke yawan raka ƙanjamau, domin yana raunana ƙwaya da ashana, alhali allurar wata uku da robar mahaifa ba ruwansu da shi.

Zubar jini ba a kan ƙa'ida ba kuwa, wanda allura da ashana kan jawo a watannin farko, mu a asibiti mukan kira shi ƙaramin abu, amma ga Bahaushiya ba ƙarami ba ne. Yana rikita mata lissafin sallah da azumi, yana shiga ranar girkinta, kuma ga wadda ta taɓa kwanciya rai a hannun Allah, ganin jini ko ramewa yakan sa ta zaci ciwon ne ya dawo. Na ga wadda ta daina maganin ƙanjamau ɗungurungum saboda ta ɗora masa laifin jinin da allura ta jawo. Da an yi mata bayanin minti biyar tun farko, an kuma ce ta tambayi malamarta ta Islamiyya hukuncin jinin istihala, da ba a kai nan ba.

Ta fuskar addini ba ni da ilimin da zan ba da fatawa, sai dai in faɗi abin da kowa ya karanta: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, kuma hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Sahabbai suna yin azalu a lokacin da Alƙur'ani ke sauka. A zaman da na yi da ma'aurata, da wuya na ga mijin da ya ƙi idan aka ce hutu ne domin lafiyar uwa da goyo, abin da ke sa shi miƙewa tsaye shi ne ya ji an ce ƙayyade iyali. Matsalar ita ce mazan ba sa zuwa. Wanda ya san matsayinsa ma yakan aiko matar ta karɓo masa magani, don haka maganar da ta shafi mutum biyu sai a yi ta da mutum ɗaya, wadda kuma ba ita ke da ta cewa a gida ba. Ga kuma yaran da aka haifa da cutar shekaru ashirin da suka wuce, sun zama 'yan mata da samari masu shirin aure, muna yi musu kallon yaran da muka sani, muna jin kunyar buɗe musu wannan babi.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da takwarorinta na jihohi bai wuce a shigo da allura da ashana da ƙwaya cikin ɗakin da ake ba da maganin ƙanjamau ba, a hannun ma'aikaciyar da mara lafiya ta riga ta amince da ita. Tun 2014 aka amince ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa wasu ayyukan da a da sai nas ko likita, don haka ƙarancin hannu ba hujja ba ce mai ƙarfi. Yanzu da ake ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda, ranar karɓarsa ta yi daidai da ranar allura, kuma akwai allurar tazara ta Sayana Press da mace za ta iya koyon yi wa kanta a gida. Dakatar da tallafin da Amurka ta yi a watan Janairu na 2025 ya nuna mana dole jihohi su sa kuɗin waɗannan kaya a kasafinsu, su kuma saki kuɗin. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta NEPWHAN tana da mata a tarurrukanta da suka bi wannan hanya suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, kuma kalma ɗaya daga bakinsu ta fi laccata ta awa guda shiga kunne.

Ga 'yan uwana da ke bakin aiki kuma, kafin a cike wancan gurbi na kati, a ajiye biro, a tura ƙofa, a tambayi mace ko tana son ƙarin haihuwa, yaushe take so, kuma mijinta ya san tana shan magani ko bai sani ba. Ita waccan baiwar Allah ta haifi ɗiya mace, gwajin ƙarshe da aka yi wa yarinyar bayan yaye ya nuna ba ta ɗauki cutar ba, amma sai da aka ƙara wa uwar jini leda biyu a wajen haihuwar. Ranar da ta dawo bayan arba'in ni na riƙe hannunta muka ratsa asibitin har ɗakin tazara, na tsaya a bakin ƙofa sai da aka yi mata allurar.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Daga wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Kano.